Shokar Mashin ɗin Yaya Abbas

Litinin, 20 ga Satumba, bayan La'asar

Yau kwana tara. Babu labarin Yaya Abbas tun ranar da mutanen daji sunka tafi da shi.

An yanke sabis, wayata ta koma tocila. Makarantar da nake koyarwa an rufe ta, an ce sai abin da hali ya yi. Littafin ga na shirin darasin 'yan aji biyar ne, rabinsa fari, sai na juya shi ta baya na fara rubutu. Saude, matata, ta ce gara in rubuta da in riƙa zagaya tsakar gida ina hana ta tuƙa tuwo.

Inna na can ƙauyenmu, gaba da Gangara, ita da Basira matar Yaya. Su biyu kaɗai cikin gida mai ɗaki huɗu. Cikin Basira ya cika wata takwas. Haihuwarta ta fari sai da anka yi mata aiki, ɗan bai zo da rai ba, kuma a gabana likita ya ja kunnen Yaya cewa ta biyu kada a kuskura a yi ta gida. Yaya ya ce da an yanke gero za shi kawo ta nan Sabon Birni da kansa.

An yanke gero.

Talata, 21 ga Satumba, hantsi

Na je tasha. Babu motar da ke bin hanyarmu. Direba guda ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Atiku, ko ubana ne can, ba ni zuwa." Na tambayi 'yan kabu-kabu uku. Biyu sun kau da kai. Na ukun ya ce mashin nai ba shi da gudun da za shi ratsa Kwarin Giginya ya fita lafiya, kuma ɗiya huɗu gare shi. Ban ga laifinsa ba.

Da na dawo sai na tsaya cikin zaure ina kallon mashin ɗin Yaya. Tsohon mashin ne na tsere, ja, ɗan Japan, ya girmi aurensa. Daga Maraɗi ya sayo shi, hannu na uku, mutane sunka yi ta yi mashi dariya, wai manomi da mashin ɗin 'yan birni. Farkon damina ya kawo shi nan ya aje. Ya ce ƙauye yanzu ba wurin aje abin da ke ɗaukar ido ba ne, kuma shokar baya ta mutu.

Na yaye buhun da ya rufe shi. Shoka guda ce tilo a tsakiya, ƙarƙashin sirdi, ba irin biyun nan na mashinan kabu-kabu ba. Na danna sirdin da hannu, ya nutse, bai taso ba sai da na ɗaga shi. Mai ya zubo ya jiƙe ƙarfen, ƙasa ta manne.

Laraba, 22 ga Satumba, bayan Azahar

Na tura shi har bayan kasuwa, wurin Baba Kalilu makanike. Shekara ashirin ya yi yana aiki a Maraɗi, shi ya sa har yau shoka "amotisa" yake ce mata.

Ya wanke filogi, ya zuba ɗan mai, bugu biyu inji ya tashi. Ya kasa kunne.

"Inji lafiya lau," ya ce. "Abbas ba ya wasa da baƙin mai."

Da ya faɗi sunan sai ya kashe injin. Can ya ce, "Mi za ka ɗauka bisa nai?"

Na ce, "Mace mai ciki wata takwas."

Ya dube ni ya daɗe.

"Da wagga amotisa? Kafin ku kai gulbi ta haihu bisa hanya. Kuma kai ka san ba haihuwar hanya gare ta ba."

Ya shiga cikin shago, na ji yana jan ƙarafa. Ya fito da abu nannaɗe cikin takardar siminti. Shoka ce, kusan sabuwa, sifirin ɗinta rawaya, da zobe mai haƙora da ake murɗawa a ƙara mata ƙarfi ko a rage. Ya ce ta wani mashin ce na zamani, gida ɗaya da na Yaya, wanda ya ci karo da gaba shekara biyu da sunka wuce, bayansa kuwa ko ƙwarzane babu.

"Ba tasa ba ce," ya ce. "Amma dangi ne. Sai mun lallashe ta ta zamna."

Alhamis, 23 ga Satumba, bayan Magariba

Kwana goma sha biyu. Babu labari.

Juma'a, 24 ga Satumba, bayan La'asar

Liman ya yi addu'a mai tsawo. Bai ambaci sunan kowa ba, bai ambaci sunan gari ba, kowa ya san da wa yake. Tsohon da ke gefena ya yi ta maimaita amin.

Bayan an sauko munka kwance bayan mashin. Sirdi, robobin gefe, salansa. Notin ƙasa ya ci tsatsa, sai da Baba Kalilu ya jiƙa shi da kananzir ya sa wa sifana bututu ya taka da ƙafa. Da tsohuwar shokar ta fito, ya danna ta da tafin hannu ta shige kamar ba ƙarfe ba.

Munka jera su biyu bisa tabarma. Sabuwar ta fi tsayi da faɗin yatsa biyu. Kanta na sama ya fi kauri, ba ya shiga mazauninsa. Ramin ƙasa kuma ya yi wa notin yawa, yana rawa.

Babu wuta gari. Mai walda ba shi da man janareta. Baba Kalilu ya miƙo mani magagari ya ce, "Malam, hannun alli ne, amma yau za shi koyi wani aiki. Ka ci gefen nan kaɗan, ka juya ka ci wancan kaɗan. In ka ci gefe guda za ta zamna a karkace."

Na goga har anka kira Magariba. Tafin hannuna ya yi ƙulli biyu. Na lura tun da na kama magagarin ban ƙirga kwanaki ba.

Asabar, 25 ga Satumba, hantsi

Ya yanko guntun tagulla daga tsohon kan famfo, ya huda, ya goge, ya cusa cikin ramin ƙasa don noti ya daina rawa. Sau uku yana yi yana jefarwa. Na huɗun ya shiga da bugun guduma.

Jiya na yi mafarki, ba ni rubuta shi.

Lahadi, 26 ga Satumba, bayan La'asar

Ta shiga. Munka ɗaure sama da ƙasa, munka sauke mashin daga kan turmin da munka ɗora shi.

Bayansa ya tashi sama kamar fara. Da na hau, da ƙyar kan yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa. Na ce wa Baba Kalilu ai an gama, gobe za ni kama hanya. Ya ce in zauna da nauyina duka. Ya duƙa ya taɓa sarƙa. Ta ɗaure tamau kamar tsirkiya.

"Ka gani? Amotisa ta ƙara tsawo, komi ya canza wuri. In ka ɗauki mutum haka, ramin farko sarƙa ta tsinke, ta naɗe taya. Ina za ku tsaya ku gyara? Kwarin Giginya?"

Ya sassauta sarƙar, ya sake gwadawa, ya sake sassautawa.

Kwana goma sha biyar.

Litinin, 27 ga Satumba, bayan Azahar

Yau munka yi awo. Ya samo kara ya tsaya da shi daga ƙasa zuwa gindin sirdi, ya yi alama da wuƙa. Na hau, ya sake alama. Munka ɗora buhun rairayi a baya, alama ta uku. Ya ce nutsewar ta yi kaɗan, sifirin ya yi tauri, an yi shi don mashin da ya fi wanga nauyi. Ya riƙa buga zoben da ƙusa da guduma, haƙori ɗaya bayan ɗaya, muna sake awo, har alamun sunka yi yadda yake so.

Sannan ya ce buhu ba ya ƙorafi, a kira Saude.

Ta zo da hijabinta tana ɓata rai. Ya ƙara soso bisa sirdin baya, ya ɗaure da roba, ya miƙa mata kwano cike da ruwa ta riƙe bisa cinya. Ya ce in bi lungun bayan makaranta inda ruwa ya cinye hanya, in dawo.

Karon farko rabin ruwan ya zube, ta jiƙe sharkaf. Ya rage haƙori biyu, ya murɗa wani ɗan ƙaramin noti da ke gindin shokar, wanda ya ce shi ke hana ta tasowa da zafi. Karo na uku ruwan da ya zube bai fi ludayi ba. Saude ta sauko tana dariya, ta ce ko amarya ba a gwada mata doki haka ba. Nima na yi dariya. Da na ji muryata sai na daina.

Talata, 28 ga Satumba, bayan La'asar

Jibrilla ya iso. Maƙwabcinmu ne a ƙauye, katanga ɗaya ta raba mu. Da ƙafa sunka taho, shi da iyalinsa da jaki guda, kwana biyu suna zagaye ta gonaki. Sun sauka makarantarmu, cikin ajina.

Ya ce gari ya rage gida tara. Ya ce mutanen daji sun sake aiko wa gari da saƙo. Ya ce ƙafafun Basira sun kumbura har takalmi ba ya shiga, shi ya sa ba ta iya biyo su ba. Inna ta ce a gaya mani kada in zo.

Na tambaye shi abin da nake tambayar kowa. Ya dubi ƙasa. Ya ce su bakwai ne ranar, an ji labarin biyu.

Ban tambaye shi wane irin labari ba.

Laraba, 29 ga Satumba, bayan Magariba

Da safe na fita gwaji na ƙarshe da buhun rairayi, na ba shi wuta bisa hanyar bakin gulbi. Na faɗa rami guda da gangan. Na ji ƙas daga ƙasa.

Baba Kalilu ya kwance. Notin ƙasa, sabon da munka saya kasuwa, ya lanƙwashe kamar yatsa.

"Ƙarfen banza ne," ya ce. "Wurin ga noti mai tauri yake so, irin mai lamba bisa kai. Babu shi garin ga. Sai garin Isa, ko Maraɗi."

Na ce a miƙar da shi da guduma a mayar, za ni tafi a hankali. Ya ce wurin da za ni ba a tafiya a hankali. Na ce ƙafafun Basira sun kumbura. Ya ce ya ji. Na ce mashin ɗin ɗan'uwana ne, ba nasa ba. Ya zare makulli ya jefa aljihu.

Na faɗa mashi magana. Dattijo ne sa'an mahaifina, gaban mutane na faɗa. Na ce shi ba shi da kowa can, shi ya sa.

Ya tattara sifanoninsa ɗaya-ɗaya ya rufe shago.

Alhamis, 30 ga Satumba, hantsi

Saude ta ce ɗiyar Baba Kalilu, Bilkisu, na aure a Tozai, can yankin da ba a zuwa yanzu, wata uku bai ji muryarta ba. Ban sani ba. Ko na sani na manta.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je ba shi haƙuri. Na iske shi zaune ƙasa, ya wargaza injin da yake hura taya da shi, wanda tun da gari ya tsaya shi kaɗai ke kawo mashi abin cefane. Ya zaro notin da ke riƙe da gindin injin, baƙi, mai lamba bisa kai. Yana goge shi da tsumma.

Na durƙusa na fara magana. Ya ce, "Riƙe mani nan."

Na riƙe. Ya shafa giris, ya zura, ya ɗaure, ya sa noti na biyu bisa na farko don kada girgiza ta kwance shi. Ya hau da kansa, ya bi bakin gulbi, na ga ya faɗa ramin nan sau biyu. Ya dawo ya kwanta ƙasa ya duba.

Ya miƙo mani makulli. Ya juye mani sauran man da ke cikin injin nasa.

"Ka fita rana ta ɗaga, lokacin da masu itace ke hanya. Zuwa, ka ba shi wuta. Dawowa, inda rairayi ne kada ka taɓa birkin gaba. In ka ga rami kada ka ji tsoro nai, amotisa ta san aikinta. Ka ce wa Basira ta riƙe ka, kada ta riƙe ƙarfe."

Na ce, "Baba, maganar shekaranjiya..."

Ya ce, "Je ka kwanta da wuri."

Lahadi, 3 ga Oktoba, bayan Asuba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Na fita hantsi. Har Gangara akwai mutane jefi-jefi. Daga nan shiru. Gonaki ne hagu da dama, dawa ta yi kai, babu kowa ciki. Kwarin Giginya na wuce shi ban dubi gefe ba. Na ga abubuwa biyu bisa hanya waɗanda ba ni rubutawa.

Da na shiga gari ban rage wuta ba sai ƙofar gida. Ban yi tunani ba. Kukan mashin ɗin ga babu irinsa a duk yankin, kowa ya san shi.

Inna ta fito a guje. Ba mayafi, ba takalmi, hannunta da kullu. Shekarunta sun haura saba'in, ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Ta zo har bakin zaure, ta ga ni ne.

Ta tsaya. Ta goge hannu da zane.

"Atiku," ta ce. "Kai ne."

"Ni ne, Inna."

"Sannu da hanya. Ba na ce kada ka zo ba?"

Ta juya ta koma ciki. Da na bi ta na iske Basira tsaye ƙofar ɗaki, ta dafe bango. Ita ma ta taso.

Na ce su shirya, in kai Basira in dawo in ɗauki Inna gobe. Inna ta ce Basira ta tafi, ita ba ta zuwa ko'ina.

"In yayanka ya dawo, ya iske gida a rufe? Wa za shi ba shi ruwa?"

Na ce Inna gari ya watse. Ta ce gida tara ba watsewa ba ne. Na roƙe ta har na ga inuwa ta fara gajarta. Ta ɗaure wa Basira ƙullin kayan jariri a baya, ta tofa mata addu'a a ka, ta kama ta ta ɗora bisa sirdi da hannunta. Ta ce mani, "Amana ce, ka ji ko."

Dawowa ta ɗauke mu ninki biyu na zuwa. Ina jin cikin Basira a bayana. Duk ramin da na hango sai in riƙe numfashi, sai in ji bayan mashin ya nutse a hankali ya taso a hankali. Cikin kwari dole na ƙara wuta. Akwai wurin da ruwa ya yanke hanya, ban gan shi ba sai da munka zo kai. Munka faɗa. Na ji shokar ta shanye har ƙarshe, ta sake mu. Basira ta ce "Ya Salamu" sau ɗaya, ta ƙanƙame rigata.

Can wajen dama na ji kukan mashina, ba ɗaya ba. Ban waiga ba. Ban san ko mu sunka gani ba. Na dai san allurar gudun mashin ta kai inda ban taɓa kai ta ba, kuma tayar baya ba ta bar ƙasa ba.

Da munka iso ƙofar asibiti sai da mata biyu sunka ɓamɓare yatsunta daga rigata. Ungozoma ta auna ta, ta ce jininta ya hau sosai, da an ƙara kwana uku da wani zance ake. Ta ce ɗa na motsi.

Na fita waje na zauna gindin mashin. Na taɓa shokar, da ɗumi.

Talata, 5 ga Oktoba, bayan Azahar

An riƙe Basira a gado. Saude na kwana wurinta.

Kwana ashirin da huɗu. Inna ita kaɗai. Babu mai a gari, ko na kwalba.

Alhamis, 7 ga Oktoba, bayan La'asar

An yi aikin da safe. Mace ce. Ƙarama, amma ta yi kuka har waje ana ji. Uwa lafiya.

Ni anka miƙa wa ita in yi mata kiran salla a kunne. Ba ni ya kamata ba. Na yi.

Goshin Yaya ne.

Asabar, 9 ga Oktoba, hantsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Jibrilla ne ya kawo mutumin jiya, ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Ƙafafunsa naɗe da tsumma. Ya zauna cikin zaure, kusa da mashin, ya yi magana a hankali. Ya faɗi ranar da Yaya ya cika. Na lissafa, ranar da nake goga kan shoka ce da magagari.

Yau anka yi salla bayan Azahar. Sahu uku. Babu komi gaban liman.

An shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. Baba Kalilu ya zauna tun safe har yamma. Da zai tashi ya aje galan ƙarami na mai bayan ƙofa. Ban tambaye shi inda ya samo ba.

Saude ta gaya wa Basira. Ban je ba.

Saura Inna.

Litinin, 11 ga Oktoba, bayan Asuba

Baba Kalilu ya zo da guduma da ƙusa kafin in fita.

"Tsohuwa nauyin mi gare ta?"

Na ce ba ta kai rabin Basira ba.

Ya sassauta zoben haƙori uku. Ya danna sirdi ya saki, ya sake dannawa. Ya ce in an bar ta yadda take za ta riƙa jefa tsohuwa sama, ƙashin tsufa kuwa ba ya ɗaukar haka.

Na ce, "Baba, ban san yadda za ni faɗa mata ba."

Ya ce, "Nima ban sani ba, Malam."

Talata, 12 ga Oktoba, bayan La'asar

Jiya na kashe inji tun daga bakin rijiya, na sauka na tura shi da hannu har gida. Gida uku sunka rage da hayaƙi.

Inna na zaune ƙofar zaure bisa tabarma tana tsintar wake. Ta ga ina tahowa ina turawa. Ta dube ni, ta dubi mashin, ta daɗe tana duban hannuna bisa kan mashin. Na jingine shi, na durƙusa gabanta. Duk abin da na shirya bisa hanya ya tafi.

Ta ce, "An yi mashi sutura?"

Na ce wanda ya dawo ya ce su sunka yi, da hannunsu, sunka fuskantar da shi gabas.

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ci gaba da tsintar waken har ta gama tasar. Hawaye na sauka cikin waken, ba ta share ba. Sannan ta ce, "Basira fa?"

Na ce ta sauka, mace.

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙulli guda da buta. Ta kwance akuyar da ta rage, ta kora ta gidan maƙwabta. Ta ja ƙyauren zaure, ba ta sa kwado ba.

Ba ta taɓa hawa mashin ɗin ga ba. Na ɗaga ta na ɗora, kamar na ɗauki dami. Na ɗaura ta a jikina da rawani.

Mun fita gari kaɗan, inda hanya ke bin gefen gonarmu, ta bugi kafaɗata.

"Tsaya."

Na ce Inna nan ba wurin tsayawa ba ne.

"Na sani. Tsaya."

Na tsaya, ban kashe inji ba. Na kwance rawanin. Ta sauka ta shiga cikin dawa har na daina ganinta. Ina duban gabas, ina duban yamma. Ban taɓa jin lokaci ya yi tsawo haka ba. Can ta fito da zangarniya biyar, manya, jajaye, ta karyo su da hannu. Ta naɗe cikin gefen zane.

"Shi ya shuka," ta ce. "Ba a barin iri ga tsuntsu. Mu tafi."

Kwari, yankewar hanya, rairayi, duk mun wuce, ban ji ta yi ko nishi ba. Hannu ɗaya ta riƙe ni da shi, ɗayan na bisa zanen.

Laraba, 13 ga Oktoba, hantsi

An sallamo Basira. Inna ta karɓi jaririyar, ta buɗe fuskarta ta duba, ta rufe. Ta ce gobe a raɗa mata Bara'atu, sunan kakar ita Inna.

Yanzu tana tsakar gida, ta shimfiɗa zangarniyar bisa faifai tana korar kaji da kara. Ta aike ni in nemo mata tulu ƙarami mai murfi, da toka mai sanyi. Na ce Inna a ina za mu shuka, nan ba mu da ko taki ɗaya na ƙasa.

Ta ce, "Na tambaye ka gona? Tulu na ce."

Za ni nemo.